Ƙarar gaban mota: in kunne ya ji, jiki ya tsira

Duk wanda ya tsaya bakin ƙofar lakwal da ƙarfe bakwai da rabi na safe, a Maradi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, zai ga irin motocin da ke sauke ƴaƴanmu. Akwai Starlet da Corolla da Carina waɗanda suka girme wa ɗaliban da ke cikinsu, akwai Hiace da aka cusa wa yara fiye da kujerunta, akwai taksin da iyaye suke biya wata-wata. In ya kasa kunne lokacin da suke hawa tudun rage gudu, zai ji da yawa daga cikinsu suna ƙwanƙwasa daga gaba. In ka yi wa direba magana, amsar kusan ɗaya ce: "Mushe, ai tsufa ne." Sai ya ƙara muryar rediyo.

Ni dai ban gamsu da wannan amsa ba. Tsohuwar motar da ake kula da ita tana bin gargada ba tare da ta yi kuka ba. Duk ƙarar da ta fito daga gaba, akwai wani ƙarfe ko roba da ya saki a bayanta, kuma yana da suna, yana da kuɗinsa, yana da gwargwadon haɗarinsa. Ra'ayina shi ne, duk malamin da ya mallaki tsohuwar mota, da duk uban da yake sa ɗansa a motar wani, ya kamata ya iya bambanta ƙarar da za ta jira ƙarshen wata da wadda ba za ta jira gobe ba. Wannan ilimi bai fi ƙarfin wanda ya iya koyar da rabawa da ninkawa ba.

Lokacin komawa makaranta shi ne lokacin da maganar ta fi zafi. Muna buɗe azuzuwa a watan Oktoba, bayan damina ta gama aikinta a kan hanyoyi: ramuka a kwalta, kwazazzabai a hanyoyin jar ƙasa, yashi a unguwanni. Kafin nan kuma zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, ya riga ya busar da duk wata roba da ke ƙarƙashin mota. Canza motar ba ya cikin lissafin yawancinmu. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kayan da a da suke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru. Motar da ke hannunka ita za ka ci gaba da hawa, don haka dole ka san ta.

A ƙananan motocin da muka fi hawa, ginin gaba iri ɗaya ne. Kowace taya tana da amortisar a tsaye cikin rasor, samansa a ɗaure da jikin mota ta wani kofi mai roba. A ƙasa akwai hannun ƙarfe da kanikawa ke kira tiriyangil. Gefensa ɗaya yana riƙe da jikin mota ta robobi biyu, su ne silanbulok, ɗaya gefen kuma yana riƙe da ƙafar taya ta rotil. Rotil ɗin nan dunƙulen ƙarfe ne a cikin kwanonsa, kamar yadda ƙashin cinya yake zaune a cikin ƙugu, an cika shi da giris an rufe da ƴar roba. Sitiyari ma yana tura taya ta wani ƙaramin rotil. Sai sandar da ke hana mota jirkicewa a kwana, wadda ƴan sanduna biyu da ake kira biyelet suke haɗa ta da ƙafafu. Sai kardan mai kai ƙarfin inji zuwa taya, da rulma da taya ke juyawa a kansa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da muryarsa. Ƙaramar ƙwas-ƙwas mai yawa a kan gargada, ana tafiya a hankali, wadda take ɓacewa da zarar an hau kwalta mai sumul, galibi biyelet ne ko robobin sandarsa. Bugu mai nauyi guda ɗaya, idan an faɗa rami ko an taka birki ko an tashi, yana nuna silanbulok da ya tsage ko rotil da ya saki. Kuka kamar na tsohuwar ƙofa lokacin da ake murɗa sitiyari mota na tsaye, rotil ne da giris ɗinsa ya ƙare, ko kuma kofin saman amortisar. Ƙas-ƙas-ƙas a jere idan an karya sitiyari har ƙarshe ana ba da wuta, wannan kardan ne. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda yake sauya murya idan an karkata hagu ko dama, rulma ne. Motar da ke ci gaba da rawa bayan ta sauka daga tudu, ga kuma mai ya jiƙa jikin amortisar, ba sai an tambayi kowa ba.

Kunne yana ba da zato, hannu ne yake tabbatarwa. Kafin komai a duba notocin taya, domin taya da mai faci bai ɗaure sosai ba tana yin ƙarar da za ta sa a zargi abin da bai yi laifi ba. Daga nan a ɗaga motar a ƙasa mai tauri, a tokare tayoyin baya, a sa mata abin da zai riƙe ta ban da jak, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, rotil ne ko rulma. A sa wani ya taka birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace, rulma ne, in yana nan, rotil ne. A kama ta hagu da dama a sake girgizawa. Wasa a nan na ɓangaren sitiyari ne. A haska tocila a duba robobin da ke rufe rotil da kardan. Robar da ta yage ta riga ta buɗe wa yashi ƙofa, kuma yashi in ya gauraya da giris, niƙa ƙarfe yake yi dare da rana. A ƙarshe a dubi fuskar taya: in gefe guda ya cinye ya bar ɗaya, ƙafar ba ta tsaye daidai. Hiace kuwa tana da rotil biyu a kowane gefe, sama da ƙasa, kuma nauyin da ke danne su yana iya ɓoye wasan, sai bakanike ya sa sandar ƙarfe ya ɗaga kafin ya gani.

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne, ƙarfin ƙara ba shi ne girman haɗari ba. Biyelet ya fi kowa surutu, amma shi ne mafi araha, kuma mota ba ta kifewa nan take don ya saki. Rotil ba ya yawan magana, sai ɗan bugu jefi-jefi, amma ranar da dunƙulen ya fice daga kwanonsa, taya za ta kwanta ƙarƙashin mota, sitiyari ya zama abin wasa a hannun direba. Mu yi lissafin da muke ba ɗalibai a allo. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. A gudun kilomita 90, irin wanda ake yi tsakanin Maradi da Tasawa ko tsakanin Doso da Dogon Dutsi, mita 25 ne a daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya faru, motar ta bar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan shekarun su ne na yaran da ke zaune gabanmu a aji da na ƙannenmu sababbin malamai. Ba duka haɗarin nan ne ke zuwa daga rotil ba; gudu da gajiya da lodi sun fi shi ɓarna. Amma rotil yana cikin ƴan ƙalilan da suke yin sallama makonni kafin su iso.

Inda muka fi cutar kanmu shi ne wajen gyara. Akwai dabarun da suka zama ruwan dare a garejinmu waɗanda ya kamata mai mota ya ƙi su kai tsaye. Ana bubbuga kwanon rotil da guduma don ya matse, ko a cusa masa guntun roba, ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, ƙarfen kuwa yana nan a cinye. Wannan kashe ƙararrawa ne a bar wuta tana ci. Ana yi wa tiriyangil da ya tsage walda. Ana sa ƙusa ko waya a madadin ɗan makullin da ke hana notin rotil kwancewa. Ana canza amortisar guda a bar ɗan uwansa da ya mutu, mota ta riƙa ɗingishi, alhali biyu-biyu ake canza su. Ana ɗaure sababbin silanbulok tamau mota tana rataye a sama, sai in an sauke ta robar ta murɗe ta zauna a haka, ta tsage cikin ƴan watanni. Daidai shi ne a yi ɗaurin ƙarshe nauyin mota yana kan tayoyinta. Ana canza rotil na sitiyari a ƙi zuwa daidaita ƙafafu, wato paralelisim, don a tsimi ƴan jikkuna, sai sababbin tayoyi su cinye kafin hutun ƙarshen shekara. Rasor kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuska. Wanda ba shi da abin matse shi, kada ya kwance amortisar a gida.

Na san abin da ƴan uwana malamai za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Albashi bai kai ba, wani lokaci ma ba ya zuwa kan kari, musamman ga ƴan kwantaragi. Kayan gyara na kirki suna da tsada, jabu ya cika kasuwa, kwalinsa ma ya fi na gaske kyau. Hanyoyin da suka lalata na farko su za su lalata na biyu. Duk gaskiya ne. Amma wannan hujja tana goyon bayan sanin ƙarar ne. Wanda bai san komai ba shi ake ce wa "gaban duka za a sauke", ya tsorata da kuɗin ya fasa gyaran gaba ɗaya, ko ya biya kuɗin amortisar biyu alhali biyelet ne ke kuka. Wanda ya sani yana tsara kuɗinsa: rotil da ɓangaren sitiyari yau, ko da bashi, robar kardan da ta yage wannan makon, tun kafin ta ci kardan ɗin kansa, silanbulok da amortisar in albashi ya shigo, biyelet in an samu sarari. A kan rotil kuwa, araha ba ta ado. A sayi sabo mai kyau wajen wanda za a iya komawa gare shi, a kuma ce wa bakanike ya nuna wasan da hannunsa kafin ya kwance, ya miƙo tsohon bayan ya canza. Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan.

Wasu kuma za su ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Sai dai malamanmu na addini sun sha karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Mutumin da ya ji gargaɗi wata uku yana ƙara rediyo, da rayukan ƴaƴan mutane a bayansa, sakaci ya yi, kuma amana ce aka ba shi.

Ga iyaye, maganar ta fi sauƙi. Muna tambayar direban da zai ɗauki yaranmu nawa ne a wata da ƙarfe nawa zai zo, mu tsaya nan. A ƙara tambaya ta uku: yaushe aka duba ƙafafun motar nan? Uba ko uwa su shiga motar sau ɗaya, a kashe rediyo, a bi hanyar da yaran ke bi. Takardar bizit tana da amfaninta, amma tana faɗin halin da mota take ciki ranar da aka duba ta ne, damina guda kuwa ta isa ta kashe rotil. Iyayen da suka haɗa kuɗi suka ɗauki taksi ɗaya suna iya haɗa kuɗin dubawa a farkon kowane zango, su sa shi cikin sharaɗi. Kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyayen yara, da suke zama kan tebura da alli da katanga, suna iya sa wannan a cikin ajandar zaman farko na shekara, su gayyato bakanike guda daga cikin iyayen ya nuna wa direbobi da malamai gwajin girgiza taya a filin makaranta. Minti talatin ya isa. A kuma tsaya kan yawan yaran da ake zubawa, domin lodi shi ne abokin ramuka wajen cin ƙafar mota.

Mu malamai kuma mu fara da namu motocin. Kullum muna ce wa ɗalibi kada ya bar abin da bai gane ba ya taru har ranar jarrabawa. A wannan makon, kafin a ɗauki yara ko a kama hanyar ƙauyen da aka tura mu, a kashe rediyo a saurara, a ɗaga taya a girgiza. In ta yi wasa, motar ta kwana a gareji, yara su tafi a ƙasa ko a nemi wata. Makarar kwana ɗaya direkta zai yafe ta.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana zuriya.