Tari da Maganin Sin: Ilmin Muke Bukata, Ba Kwalbar Kaɗai Ba

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe Dala da Gwauron Dutse, sai tari ya zama ruwan dare a cikin birni. A da, citta da kanumfari da masoro daga kasuwar Kurmi su ne abin dogaro. Yanzu kuwa an samu ƙari: kwalabe da shayin ganye daga ƙasar Sin, waɗanda wasu ke sha da imanin cewa tun da tsiro ne, ba ya cutarwa. Wannan imani kuskure ne.

Babu mai musun cewa magungunan Sin suna da tushe. Ɗauki tsiron ma huang, wanda Sinawa suka daɗe suna ba mai tari da mai asma. A 1885 masanin Japan Nagai Nagayoshi ya tace sinadarin efedirin daga cikinsa, daga baya aka tabbatar yana buɗe hanyoyin numfashi. Sai dai wannan sinadarin yana kuma ɗaga hawan jini, yana sa zuciya bugu da sauri, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin kayan ƙarin kuzari a 2004. Haka saiwar gan cao mai zaƙi, wadda ke cikin haɗe-haɗen tari da dama: yawan shanta na tara gishiri da ruwa a jiki. Ashe dattijo mai hawan jini na iya gudun tari ya faɗa wa abin da ya fi shi.

Sannan tari alama ce, ba ita ce cutar ba. Wanda mura ta kawo yakan tafi da kansa, zuma da ruwan ɗumi sun isa, ban da jaririn da bai shekara ba, shi ba a ba shi zuma. Amma tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga zufar dare, ko majina da jini, to a gaggauta gwajin tarin fuka a Asibitin Murtala ko Asibitin Zana. A unguwanninmu masu cunkoso, jinkirin mutum ɗaya na iya shafar gida guda.

Shawarata ita ce, a duba lambar NAFDAC, a guji kwalbar da ba a iya karanta rubutunta. Mu kuma masana, mu auna tsirranmu kamar yadda Tu Youyou ta auna nasu har ta samo maganin zazzaɓin cizon sauro, ta ci kyautar Nobel a 2015. Tun muna makarantar allo muke jin sunan Sin tare da neman ilmi. To, shi ya kamata mu fara ɗaukowa.