Garin Churchill na Kanada: Ranar da Aka Ɗauke Jirgin Ƙasa a Cikin Jirgin Ruwa

A watan Oktoban 2017, a wani ƙaramin gari da ke bakin Tekun Hudson a arewacin Kanada, aka kawo injin ɗaga kaya aka ɗauki jirgin ƙasa na fasinja, kansa da taragansa, aka loda a cikin jirgin ruwa aka tafi da shi. Jirgin nan lafiyarsa ƙalau. Hanyar da zai bi ya koma kudu ce ruwa ya cinye tun watan Mayu, kuma wata biyar bayan haka babu wanda ya ɗauki ko shebur da sunan gyara. Da masu jirgin suka ga lokacin ƙanƙara ya ƙarato, sai suka kwashe kayansu ta teku. Mutanen gari kuwa aka bar su a nan.

Sunan garin Churchill, a lardin Manitoba. 'Yan uwa, na san da yawa daga cikinmu in aka ce Kanada, abin da ke zuwa mana a rai shi ne dogayen benaye da albashi mai tsoka, musamman ma da yake Manitoba na cikin lardunan da 'yan Najeriya suka fi kwarara a 'yan shekarun nan. To akwai wata Manitoba ɗin da ba a saka ta a hoton biza. Ita nake so mu leƙa yau, domin labarinta ya nuna yadda tsadar rayuwa a gari mai nisa take zama hukuncin da wasu mutane suka zauna a ofis suka yanke, ko da kuwa an ɗora laifin a kan nisa da sanyi.

Ƙidayar 2021 ta ce mutum 870 ne ke zaune a Churchill. Babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa garin da sauran Kanada. Kwalta da burji duk sun ƙare can kudu wajen Gillam. Daga nan sai layin dogo, sai jirgin sama, sai kuma jirgin ruwa a 'yan watannin da teku ta narke. Daga Winnipeg, babban birnin lardin, jirgin ƙasa kan yi tafiyar kusan kilomita 1,700, wato kwana biyu cur a hanya. A watan Janairu sanyi kan kai digiri 26 ƙasa da sifili, kuma wannan matsakaici ne fa, ba ranar da abin ya ɓaci ba. Saboda haka makamashin ɗumama ɗaki a wurinsu kamar ruwan sha ne. Madara, fulawa, kayan miya, siminti, katakon gini, abincin karnuka, kusan komai ta layin dogon nan yake shigowa.

Kuma garin ba kufai ba ne. Mutane na son zama a cikinsa. Makaranta da asibiti da ɗakin karatu da filin wasa duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya a wani katafaren gini, yadda yaro zai tashi daga aji ya tafi wasa ba tare da ya fita cikin iska ba. A watannin Yuli da Agusta dubban fararen dabbobin teku da ake kira beluga kan shigo bakin kogin garin. A Oktoba da Nuwamba kuma fararen beyar na ƙanƙara ke taruwa a gaɓar teku suna jiran ruwa ya daskare su tafi farauta, masu yawon buɗe ido daga ko'ina a duniya su biyo su da kuɗinsu. Har kurkukun beyar gare su: wadda ta dame su da shigowa gari sai a kama ta a tsare na wasu makonni, daga baya a ɗauke ta da jirgi mai saukar ungulu a kai ta nesa. An san mutanen garin da barin ƙofar mota a buɗe, don wanda ya yi kiciɓis da dabbar ya samu wurin faɗawa. Mutanen da suka koyi zama da irin wannan maƙwabci ba sanyi ne zai kore su ba.

Abin da ya kusa korar su ya faro ne tun 1997. An kammala layin dogon a 1929, tashar jiragen ruwa ta fara aiki a 1931, kuma an gina su ne don alkamar manoman yammacin Kanada ta samu gajeriyar hanya zuwa Turai. A 1997, lokacin da guguwar sayar da kadarorin gwamnati ke kaɗawa, aka miƙa layin da tashar ga wani kamfanin Amurka mai suna OmniTRAX da ke birnin Denver. Tashar ma a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba aka ba shi. Hujjar ita ce wadda muka saba ji: ɗan kasuwa ya fi gwamnati iya riƙe abu.

Gaskiya dai an yi shekaru abin na tafiya. Amma ku lura da dalili. Akwai Hukumar Alkama ta Kanada, wadda doka ta ba ita kaɗai ikon sayar da alkamar manoman yamma a waje, kuma ita ce ke turo mafi yawan hatsin da ke fita ta Churchill. A 2012 gwamnatin Stephen Harper ta soke wannan iko. Manyan kamfanonin hatsi da suka gaji kasuwar suna da nasu rumbunan a wasu tashoshi irin su Vancouver da Thunder Bay, to me zai kai su su ba wani kamfani ciniki? Aka ɗan yi tallafin wucin gadi don jawo su, abin bai riƙe ba. A watan Yulin 2016 OmniTRAX ya dakatar da fitar da hatsi ya sallami ma'aikatan tasha, tashar da ita ce babbar mai ba da aiki a garin. Ya kuma rage zuwan jirgin kaya.

Sai ga ambaliya a watan Mayun 2017. Dusar ƙanƙara mai yawa ta narke, ruwa ya wanke ƙasar da ke ƙarƙashin dogo a wurare da dama tsakanin Gillam da Churchill. Kamfanin ya ce gyara zai iya cin har dala miliyan 60 ta Kanada, kuma shi ba shi da su, ba zai gyara ba. Gwamnatin tarayya ta ce ai akwai yarjejeniyar 2008, wadda a ƙarƙashinta aka ba shi kuɗin jama'a bisa sharaɗin zai ci gaba da gudanar da layin har 2029. Aka tafi kotu. Lauyoyi na musayar takardu a Winnipeg da Ottawa, su kuwa mutanen Churchill suna sayen abincin da aka ɗauko a jirgin sama.

Duk wanda ya taɓa aika ko da ƙaramin kwali ta jirgin sama ya san abin da wannan ke nufi. Kayan da aka saba biya wa kuɗin tarago yanzu ana auna su kilo-kilo. Farashin kanti ya tashi. Masu otal da masu kai baƙi kallon beluga suka rasa waɗanda ke zuwa ta jirgin ƙasa saboda araha. Mai son zuwa ganin dangi a Thompson sai dai ya sayi tikitin sama ko ya haƙura. Gwamnatin lardi sai da ta ɗauko iskar gas ta jirgin ruwa don kada mutane su daskare a ɗakunansu. Da hunturu ya kankama, wasu suka share hanya a kan ƙanƙara suka jawo kaya da manyan motocin dusar ƙanƙara. Wasu iyalai kuma suka tattara suka bar garin, kuma wanda ya saba da farashin Winnipeg ba lallai ya dawo ba.

Ita gwamnatin tarayya abin da ta fara yi shi ne saka Churchill cikin shirinta na tallafin abinci na arewa mai suna Nutrition North, wanda aka fara a 2011. A nan ma akwai magana. Ba hannun mai saye ake ba kuɗin ba, masu kanti da masu kawo kaya ake ba, da fatan za su rage farashi. Tun a 2014 Babban Mai Binciken Kuɗi na Kanada ya fitar da rahoto cewa ma'aikatar da ke kula da shirin ba ta tabbatar da ko duka tallafin na isa ga masu saye ba. A garin da kantunan ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, wa zai yi gasa da wa har farashi ya sauka? Ba na cewa tallafin bai taimaka ba, ya taimaka. Amma ɗaurin tsumma ne a kan karaya.

Yanzu ku ji yadda aka ƙare. A ƙarshen watan Agustan 2018 aka sayar da layin da tashar ga wata gamayya mai suna Arctic Gateway Group, wadda ta haɗa al'ummomin asali na yankin da garuruwan da ke kan layin da wasu kamfanoni biyu na Kanada. Gwamnatin tarayya ta saka dala miliyan 117. Ma'aikata suka shiga daji a watan Satumba. Ranar 31 ga Oktoba jirgi ya yi ƙugi a Churchill, washegari Firaminista Justin Trudeau ya zo aka yi biki, a Disamba kuma jirgin fasinja ya dawo. Ku ƙirga da kanku. Aikin da aka yi wata 15 ana jayayya a kan wanda zai biya, cikin wata biyu aka yi shi. Ashe wahalar da mutanen nan suka sha ta fiye da wata 17, mafi yawanta ba ambaliya ce ta jawo ta ba.

Na san abin da wasu za su ce a nan, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Mutum 870 kacal, a zuba musu irin waɗannan miliyoyi? Kuma ba a tsaya a 117 ba, tun daga lokacin tarayya da lardi sun ƙara wasu ɗaruruwan miliyoyi. Layin a kan fadama mai taɓo aka shimfiɗa shi, da ƙasar da ke daskare shekara da shekaru, yanzu kuma ɗumamar yanayi na narkar da ita, dogo na lotsawa, jirgi na rarrafe. Gyara ba zai ƙare ba. Su kansu beyar da ke kawo baƙi suna raguwa: ƙidayar 2016 ta samu 842 a yammacin Tekun Hudson, ta 2021 ta samu 618. Ba zai fi sauƙi a ba kowane gida kuɗi ya koma kudu ba?

Amsa ta farko, layin ba na Churchill kaɗai ba ne. Akwai ƙauyuka a kan hanya irin su Ilford da Pikwitonei da Thicket Portage waɗanda su ma jirgin nan ne motarsu ta kasuwa da ta asibiti. Daga tashar Churchill ake iya tura kaya zuwa garuruwan Inuit na yankin Nunavut da ke can sama, irin su Arviat da Rankin Inlet. Kuma ita kaɗai ce tashar ruwa mai zurfi da Kanada ke da ita a arewa wadda ke haɗe da layin dogo na ƙasa. A 2024 an fitar da ma'adinin zinc ta cikinta. Ƙasar da ke tinƙaho da mallakar yankin Arctic ba za ta so gaɓarta ta zama babu kowa ba.

Amsa ta biyu ta fi zafi, kuma a Churchill ɗin take kwance. An taɓa gwada kwashe mutane ai. A 1956 gwamnatin Kanada ta ɗebo al'ummar Sayisi Dene daga ƙasarsu ta farauta ta jibge su a gefen Churchill, babu muhalli na kirki, babu abin yi. Kafin su tattara su koma daji a tafkin Tadoule a 1973, sama da mutum ɗari daga cikinsu sun mutu, a al'ummar da duka-duka 'yan ɗaruruwa ce. Sai a 2016 gwamnati ta nemi gafara. Duk mai cewa a kwashe mutane saboda lissafi ya nuna zamansu da tsada, ya fara karanta wannan tukuna.

Ni ra'ayina, kuskuren 1997 ba wai don mai saye ɗan Amurka ne ba. Ko ɗan Winnipeg ne, in dai riba kaɗai ta kawo shi, ranar da gyara ya fi ciniki tsada zai nade tabarmarsa. Kamfani ba ya yin asara don zumunci, kuma ba a gina shi don haka ba. Laifin yana wuyan waɗanda suka ɗauki hanya ɗaya tilo ta gari suka saka ta a kasuwa kamar rumbun hatsi, sannan bayan shekara 15 wasu suka zo suka janye hatsin da ke riƙe da cinikin, babu wanda ya tambayi abin da zai samu mutanen da ke ƙarshen layi. Gwamnatin 'yan Liberal ce ta sayar, ta 'yan Conservative ce ta soke ikon hukumar alkama. Kowa ya saka hannu a kwanon.

A 2021 kamfanonin nan biyu suka fita, mallakar ta koma gaba ɗaya hannun al'ummomi 41 na arewa, cikinsu har da garin Churchill. Magajin garin, Mike Spence, wanda ke kan kujerar tun shekarun 1990, na cikin waɗanda suka jagoranci wannan fafutuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ruwa ya sake wanke dogo, masu yanke shawarar gyara su ne waɗanda 'ya'yansu za su rasa madara. Amma kada mu yi musu ƙarya: har yanzu layin bai tsaya da ƙafarsa ba, kuɗin gwamnati ke tallafe da shi, kaya a kantin Churchill kuma har gobe sun fi na Winnipeg tsada nesa ba kusa ba.  Ranar da wata gwamnati ta zo Ottawa da almakashin rage kashe kuɗi, za a sake buɗe fayil ɗin nan, a sake raba miliyoyin da mutum 870, a ga abin da lissafi ya bayar.