Wace Fawa Muke Yi Wa Ihu?

Zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya ƙarato, an fara ihun "Fawa!" a bakin azuzuwa. 'Yan uwana ɗalibai, kafin mu amsa, mu tambayi kanmu me kalmar take nufi.

Bakin Bahaushe ne ya mayar da power ta koma fawa, har ta yi karo da sana'ar mahauta. Yau a shagunan waya na Sabon Gari ana cinikin fawa-banki, a majalisun Fagge kuma tun 1998 aka saba jin PDP da taken fawa. Tsohuwar hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ma tana da kalmar a cikin sunanta, duk da mu wuta muke cewa.

Kalmar ba 'yar asalin Ingila ba ce. Ta shiga Turanci daga Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushenta kuwa Latin ne, inda take nufin iyawa. Force ma ta wannan hanyar ta zo, daga kalmar Latin mai nufin ƙaƙƙarfa. Strength ce 'yar gida, daga strong. Mu ma haka muke: ƙarfi namu ne, mulki kuwa aron Larabci ne.

Amma Hausa ta fi rarrabewa. Ɗan dako a Kantin Kwari yana da ƙarfi. Alƙali yana da iko. Gwamna yana kan mulki. In mai ƙarfi ya danne maras shi, sai mu ce fin ƙarfi, kuma ba yabo ba ne.

Ɗaliban injiniya sun san wannan bambancin tun ajin farko. Force da niyuton ake auna ta, power kuma da wat, wato yawan aikin da aka yi cikin daƙiƙa ɗaya. Ka wuni kana tura bango, gumi ya jiƙa ka sharkaf, in bangon bai motsa ba aikinka sifili ne, fawarka ma sifili.

To, da wannan ma'aunin ya kamata mu auna 'yan takara. Wanda ya zo da ƙartai, da lasifika, da ƙurar babura, ƙarfi ya nuna mana. Mu ce masa: malam, me ka taɓa motsawa? Kuɗin ƙungiya da kowa ke biya, za ka kafe lissafinsu a allon sanarwa? In sakamakon jarrabawa ya makale, ka san ofishin da ake bi, ko sai dai zanga-zanga?

Ni dai ina shekarar ƙarshe, tafiya zan yi. Ku da za ku zauna ne za ku sha daɗi ko wuyar wanda kuka ɗora. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ranar zaɓe yawan a hannunku yake. Ku ba wanda ya iya.