Kafin Mu Ɗaure Kayan Tafiya Maroko



A taron zumunta da muka yi bayan girbi, waɗansu 'yan'uwa ma'aikata da 'yan kasuwa daga ikkilisiyoyinmu na Rabah da Wurno da Goronyo sun kawo shawarar a haɗa kai a yi tafiyar buɗe ido ta kwana biyar zuwa ƙasar Maroko, a ga tsofaffin biranen sarautarta guda huɗu, wato Fas da Miknas da Marrakesh da Rabat. Dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce almubazzaranci ne a irin wannan lokaci, waɗansu kuwa suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni ina tare da masu son tafiya, amma ina da sharuɗɗa huɗu da nake roƙon dattawa su duba.

Na fari, maganar kuɗi. Kada ko kwabo ya fita daga baiko ko zakkar ikkilisiya. Mun san halin da muke ciki a wannan gabashin Sakkwato. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ba, kuma a cikinmu akwai gwauraye da marayu da waɗanda suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Asusun ikkilisiya nasu ne. Mai son zuwa ya tara nasa, ya fara biyan kuɗin makarantar yaransa, ya bar wa iyali abinci, sa'an nan ya sayi tikiti. Ubangiji ya koya mana cikin Luka sura 14 mutum ya zauna ya yi lissafi kafin ya fara gini. Lissafin ya haɗa da fasfo, da biza wadda sai an nema tun da wuri, da motar zuwa filin jirgi, da masauki, da abin da za a ajiye saboda rashin lafiya. Kuma a kira tafiyar da sunanta. Yawon buɗe ido ne, kada a laƙaba mata sunan ziyarar ibada don a sami dalilin taɓa asusu.

Na biyu, birane huɗu sun yi wa kwana biyar yawa. Jirgi yana sauka a Kasabalanka, kwana ɗaya ya tafi a zuwa, ɗaya a dawowa. Tsakanin Fas da Marrakesh kaɗai jirgin ƙasa yana cin sama da awa shida. Wanda ya nace sai ya taka duka huɗun, tashoshi zai gani, ya dawo da gajiya da hotuna. Shawarata ita ce a zaɓi Fas da Miknas, domin tsakaninsu bai kai tafiyar awa ɗaya ba a jirgin ƙasa, kuma hanyar zuwa can ta bi ta Rabat, ana iya yada zango na rabin yini. Marrakesh, inda rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta tashi ta karya daular Songhai a 1591, a bar ta sai wani jiƙon.

Waɗannan wurare ba baƙi ba ne a gare mu kamar yadda muke zato. A Fas, birnin da aka kafa tun 789, akwai majemar da har yau ake jima da rini da hannu. Fatar jan akuyar Sakkwato da muke kiwo a gidajenmu ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Sunan Rabat kuwa daga kalmar ribaɗi ya fito, irin ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, inda ya rasu a 1837. Don haka ina ganin duk mai niyyar tafiya ya fara zuwa Wurno da Sakkwato, ya tambayi masana tarihin garin. Abin kunya ne a tambaye ka labarin ƙasarka a Fas ka rasa abin faɗa.

Na uku, ladabin baƙunta. Maroko ƙasar Musulmi ce, mu kuwa mun saba zama da maƙwabta Musulmi, wannan ba zai yi mana wuya ba. Amma a sani, a can ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga yawancin masallatai. Masallacin Ƙarawiyyin na Fas, wanda aka kafa a 859, daga bakin ƙofa za mu gan shi. Dokar ƙasar kuma ta hana jan Musulmi zuwa wani addini, har an kori baƙi Kirista da dama a 2010 a kan wannan zargi. Kowa ya riƙe Littafinsa Mai Tsarki don karatun kansa, kada wani ya cika jaka da takardun bishara don rabawa a kasuwa. Ranar Lahadi akwai majami'u na baƙi a Rabat da Fas, kuma 'yan Afirka ta Yamma, musamman ɗalibai, suna da yawa a cikinsu. Halinmu a masauki da wurin ciniki shi ne shaidarmu.

Na huɗu, kuma shi ya sa na goyi bayan tafiyar. Kimanin kilomita 30 daga Miknas, birnin da Sarki Maulay Isma'il ya mai da fadarsa bayan ya hau mulki a 1672, akwai kufan wani birnin Romawa da ake kira Walili, Turawa suna ce masa Volubilis. Romawa sun janye daga wurin wajen shekara ta 285, amma masu bi suka ci gaba da zama. An sami duwatsun kaburburansu da rubutun Latin har zuwa shekara ta 655. Bayan haka labarinsu ya yi ta dusashewa. Arewacin Afirka ya ba ikkilisiya manyan malamai irin su Tatuliyan da Agustin, duk da haka ikkilisiyar wurin ta shuɗe, alhali ta Masar da ta Habasha suna nan. Masana suna kawo dalilai da yawa. Biyu daga ciki sun shafe mu ƙwarai: rarrabuwa tsakanin masu bi, da kuma cewa Littafi da sujada sun tsaya cikin Latin, ba su sauka sosai cikin harshen mutanen karkara ba.

Mu ma 'yan kaɗan ne a nan. Ina so waɗanda za su tafi su tsaya a cikin wannan kufai su tambayi kansu, yaranmu nawa ne suke iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa? Sau nawa bambancin ɗarika ko ƙabila ya hana mu zama a benci ɗaya? In sun dawo, a ba su lokaci a taron zumunta su ba da rahoto, da lissafin abin da suka kashe, domin masu niyya a gaba su san inda za su fara.

In dattawa sun amince da waɗannan sharuɗɗa, a naɗa mutum uku su bincika farashi da zancen biza, su kawo mana a zama na gaba. In kuwa lissafi bai kai ba bana, motar Wurno tana nan a tasha, mu fara da ita.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.