Kumburin jijiyoyin jini na kirayogulobulin

Kumburin jijiyoyin jini na kirayogulobulin cuta ce da ke faruwa idan wasu furotin na garkuwar jiki suka dunƙule a cikin jini, suka maƙale a bangon ƙananan jijiyoyi. Ana kiran waɗannan furotin kirayogulobulin, saboda suna daskarewa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 37 a ma'aunin Salsiyos, su sake narkewa idan an ɗumama su. Cutar ta fi bayyana a fata, amma tana iya taɓa ƙoda da gaɓoɓi.

Tarihi

Masu bincike a Amurka, Wintrobe da Buell, ne suka fara bayyana furotin mai daskarewa a jinin wata majinyaciya a 1933. Lerner da Watson suka raɗa masa suna a 1947. A 1966 Meltzer ya zayyana alamomi uku da ake yawan gani tare: ɗigo-ɗigo a fata, ciwon gaɓoɓi da kasala. A 1974 Brouet da abokan aikinsa a Faransa suka kasa furotin ɗin gida uku. Nau'i na farko yana da alaƙa da sankarar jini, na biyu da na uku kuma su ake kira gauraye. An daɗe ba a san musabbabin na gaurayen ba, sai bayan gano ƙwayar cutar hanta nau'in C a 1989 aka fahimci cewa ita ce silar mafi yawansu.

Yadda cutar take aukuwa

Idan ƙwayar cutar hanta ta daɗe a jiki, takan yi ta zaburar da ƙwayoyin garkuwa nau'in B, su riƙa fitar da furotin IgM. Shi kuma IgM sai ya kama wani furotin mai suna IgG, su zama dunƙule. Dunƙulen yana zama a jijiyoyin da jini ke tafiya a hankali kuma sanyi ya fi kama su, musamman a ƙafafu. A nan yake tayar da rukunin furotin da ake kira kwamfilimen, wanda ke janyo fararen ƙwayoyin jini. Su ne ke lalata bangon jijiyar har jini ya tsattsafo ƙarƙashin fata.

Alamomi da gwaji

Ɗigon da ke fitowa yana da ɗan tudu, kuma ba ya dushewa idan an danna shi. A fata mai haske ja ne ko shunayya, a baƙar fata kuwa yakan yi duhu kawai, don haka taɓawa ta fi kallo amfani. Wasu majinyata na samun gyambo, ko mutuwar ji a tafin ƙafa. Gwajin yana buƙatar kulawa: dole a riƙe jinin da ɗuminsa na digiri 37 har a ware ruwansa, sannan a ajiye ruwan a digiri 4 na kwanaki. Idan jinin ya huce a hanya, sakamako na iya nuna babu cuta alhali tana nan. Raguwar furotin C4 ma alama ce.

Halin da ake ciki

Tun da aka amince da maganin sofosbubir a Amurka a 2013, ana iya warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu ciwon hanta nau'in C cikin makonni 8 zuwa 12, kuma a yawancinsu kumburin fatar kan lafa. Masar, wadda ta gwada mutane fiye da miliyan 60, ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matakin zinare kan hanyar kawar da cutar a Oktoban 2023. Sai dai rahoton hukumar na 2024 ya ƙiyasta mutane miliyan 50 na ɗauke da ita, mafi yawansu ba su sani ba. Saboda haka ɗigon ƙafa na iya zama abin da zai fara tona ciwon hantar da ya yi shekaru a ɓoye.

Kashe ƙwayar cutar ba ya kawo ƙarshen matsalar ga kowa. Wasu na ci gaba da ɗauke da furotin ɗin, waɗanda ƙodarsu ta taɓu kuma kan buƙaci maganin ritukzimab, mai rage ƙwayoyin B. A ƙasashen da magani ya wadata, kaso mai ƙaruwa na masu cutar yanzu yana fitowa ne daga cututtukan garkuwar jiki irin su lufus.