Girman ɗan-tsaka: A nemi dalili kafin a ɗauki aska

Akwai larurar da mace za ta yi shekaru tana ɗauke da ita ba ta faɗa wa ko mahaifiyarta ba. Ɗaya daga ciki ita ce ta lura ɗan-tsakanta ya yi girma fiye da yadda ta san shi, ko kuma wani kumburi ya fito a wurin. A gari irin Wurno da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ko a ƙauyukan Gwaram, ranar da maganar ta fito fili, sau da yawa hukunci ɗaya ake yankewa: angurya ce, a kira wanzami. A birni kuwa, mai wayar hannu za ta ci karo da tallan asibitocin kwalliya a intanet, masu alƙawarin rage shi da tiyata.

Hanyoyin biyu sun bambanta a tsafta da tsada, amma suna iya haɗuwa a kuskure ɗaya, wato yanka kafin a san abin da ya kawo girman. Girman ɗan-tsaka a jikin babbar mace alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma bincike ya kamata ya zo gaba da komai.

Da farko, halittar mata ba iri ɗaya ba ce. Kamar yadda hanci da kunne suka bambanta tsakanin mutane, haka wannan gaɓa take. Mata da yawa da ke cikin damuwa lafiyarsu ƙalau, abin da ya tayar musu da hankali shi ne gorin miji, ko zancen ƙawaye, ko hotunan da suka gani a waya. Irin waɗannan, bayanin likita kaɗai ya ishe su.

Sai kuma waɗanda girman nasu na gaske ne, kuma likitoci sun san manyan dalilansa. Mafi yawa yana da alaƙa da yawaitar sinadarin maza a jikin mace. Kowace mace tana da ɗan kaɗan na wannan sinadari, amma idan ya yi yawa, ɗan-tsaka kan girma. Akwai wadda aka haife ta da matsala a wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda, waɗanda ke samar da sinadaran jiki. Akwai wadda ƙari ne ya fito mata a ma'ajiyar ƙwan haihuwa ko a waɗancan gaɓoɓi na saman ƙoda, yana zuba sinadarin a jini. Akwai kuma wadda ta sha ƙwaya ko ta yi allura mai ɗauke da sinadarin, irin wanda masu son murɗewar jiki ke amfani da shi.

Idan girman ya zo cikin 'yan watanni, tare da kaurin murya, fitowar gemu ko ɗaukewar jinin al'ada, wannan lamari ne na gaggawa. Mai irin wannan alama tana buƙatar gwajin jini da hoton ciki. Idan aka yanke abin da ido ke gani aka bar ƙari a ciki, an kashe ƙararrawa ne an bar gobara tana ci.

Akwai dalili na daban da ya fi shafar ƙasar nan. Yarinyar da aka yi wa kaciya tana jaririya, wani lokaci fata kan shige cikin raunin yayin da yake warkewa. Bayan shekaru sai ta zama ƙulli mai cike da maiƙo, yana girma a hankali har ya hana ta sakewa wajen tafiya ko zama. Likitocin mata a asibitocin Najeriya sun sha ba da rahoton irin wannan ƙulli. Abin takaicin shi ne, aska ce ta haddasa shi, sannan a sake komawa wurin aska neman magani. A asibiti ana iya ciro ƙullin a bar gaɓar da jijiyoyinta.

Dalilin da ya sa ake tsoron yanka a wannan wuri shi ne yadda Allah Ya halicce shi. A 1998 wata likita 'yar ƙasar Ostareliya, Helen O'Connell, ta wallafa binciken da ya nuna cewa abin da ake gani a waje ɗan ƙaramin ɓangare ne, mafi yawan gaɓar tana ciki. A 2022 kuma masu bincike a wata jami'a da ke jihar Oregon ta Amurka suka ƙirga zaren jijiyoyi sama da 10,000 da ke kai saƙo daga wurin. Jijiyar da aka datse da wuya ta koma yadda take. Mace na iya rasa jin daɗin aure har abada, ko ta zauna da raɗaɗin da ba ya tafiya.

Ko a ƙasashen da tiyatar kwalliya ta zama kasuwa, likitocin mata ba su sakar mata mara ba. A 2020 ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta bayyana cewa babu isasshiyar hujja da ke tabbatar da inganci da amincin tiyatar kwalliyar al'aura, ta kuma lissafo haɗurranta: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, tabo, canjin ji, zafi yayin saduwa, da buƙatar sake yin wata tiyatar. Idan haka abin yake a ɗakin tiyata mai kayan aiki, ina ga tsakar gida da aska?

Jigawa ta san farashin yanka a al'aurar mace. Yankan gishiri, wanda ake yi wa mai doguwar naƙuda ko wadda ke jin zafin saduwa, yana daga cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari a Arewa, duk da cewa doguwar naƙuda ce babbar sila. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin gyaran yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun, kamar yadda ake yi a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Matan da ke kwance a can sun fi kowa sanin yadda ake garin neman gira a rasa ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cire angurya da yankan gishiri a cikin nau'o'in kaciyar mata, domin ma'anar da ta bayar ta haɗa duk wani yanka ko rauni da aka yi wa al'aurar mace ba bisa dalilin lafiya ba. Hukumar ta kuma ce ko ma'aikacin lafiya ne ya yi, sunansa bai canza ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 20 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu kaciya. Dokar hana cin zarafin jama'a ta tarayya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 4, ko tarar da za ta iya kai naira 200,000, ko duka biyun, ga wanda ya aikata. Jigawa ta yi tata dokar a 2021, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar.

Wani zai ce ai babbar mace ce, jikinta ne, ita ta san inda yake mata ciwo. Wannan magana tana kan hanya. Akwai matan da ko bayan an magance dalilin, girman ba ya komawa, kuma yana damun su wajen sa tufafi, tafiya ko zaman aure. Irin wannan mace tana da haƙƙin neman tiyata. Ƙwararru suna da hanyar rage gaɓar tare da kare jijiyoyi da hanyoyin jini, saɓanin yadda ake cire ta gaba ɗaya a da. Sharaɗin shi ne a gama bincike, a gaya mata abin da za ta iya rasawa, sannan ita da bakinta ta amince. Amincewar da aka samu bayan miji ya yi barazanar saki, ko uwar miji ta kafa sharaɗi, tilas ce aka yi wa ado.

Babban abin da ke tura mata wurin wanzami shi ne kunya da tsoron a kira su mata-maza. Alhali malaman fiƙihu tun da can sun tattauna wannan halitta a fili, har da hukuncin gadonta, ba su mayar da ita abin dariya ba. Bayan kunya akwai kuɗin mota da na gwaji, da ƙarancin likitoci mata. Wanzami kuwa yana nan kusa, an san shi, an san mahaifinsa, kuma zai karɓi abin da ya samu.

Saboda haka gyaran yana buƙatar hannu da yawa. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta jihar ta horar da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamomin, su tura mai larurar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin Rasheed Shekoni na Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A ware ɗakin da mace za ta yi magana ba tare da 'yan layi sun ji ba. Hakimai da dagatai su zauna da sarakunan aska, domin wanzamin da ya ce wa iyali wannan ba aikin aska ba ne, ku tafi asibiti, maganarsa za ta fi ta kowace sanarwar rediyo tasiri. Maza kuma su riƙe bakinsu daga gori, su raka matansu wurin likita.

Ita kuwa wadda ke fama da abin a ɓoye, Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta je asibiti, ta nemi ganin likitan mata, ta faɗi lokacin da abin ya fara da duk maganin da ta sha, na asibiti ko na gargajiya. Kada ta yarda a taɓa ta da ƙarfe kafin a gaya mata sunan abin da ke damunta.