FILIN SAMARI: Kayan da za a tanada kafin a fara ƙwallon raga

  

Kaka ta wuce, aiki ya yi sauƙi, samari sun samu lokacin wasa. Tun watan jiya samarin garuruwa uku suka aiko mini da tambaya iri ɗaya. Suna son su fara ƙwallon raga, wanda ƴan lakkol ke ce ma wolebal. To, mi za su saya? Na ce bari in ba da amsa a nan kowa ya ji, don kuɗin da aka tara tiya-tiya bai kamata su tafi a banza ba.

Zan fara da abin da ya same ni. A garin da na soma koyarwa, samari suka yi gayya, suka sayar da wake, suka aiki ɗayansu kasuwa. Ya komo da ƙwallo sabo fil. Ashe ƙwallon ƙafa ne. Ni ma a lokacin ban san bambanci ba, ni ne ma na fara bugawa. Kwana uku hannun kowa ya kumbura. Ran na huɗu wani yaro ya tare ƙwallon da yatsu a miƙe, yatsansa na tsakiya ya goce. Wata guda bai iya jan guga ba, ga shi kuwa shi ke shayar da shanun gidansu. Ubansa ya iske ni har makaranta, ya ce: "Malam, karatu na ba ka shi ka koya mishi, ko karya hannu?" Ban samu ta cewa ba. Daga ranar dattawa suka hana wasan, sai da shekara ta kewayo sannan suka yarda aka koma.

Saboda haka maganar ƙwallo ita ce ta farko. Ƙwallon wannan wasa nauyinsa garam 260 zuwa 280 ne. Na ƙafa kuwa garam 410 zuwa 450. Kun ga bambancin ba kaɗan ba ne, kuma a kan yatsunku zai sauka. Kewayen cikinsa santimetir 65 zuwa 67. Wanda za ku aika kasuwa, ku ba shi zare mai ƙulli a kan santimetir 66, ya kewaya ƙwallon da shi. Ya kuma roƙi mai kanti ya aza shi bisa sikeli. Kada ya ji kunya. Mai sayen akuya ma yana taɓa ta kafin ya biya. Fatarsa tana da laushi, kuma yawanci gunduwoyin jikinsa dogaye ne kamar an jera yatsu, ba masu kusurwa biyar da shida irin na ƙwallon ƙafa ba. Za ku ga an rubuta Mikasa ko Molten a jikin wasu. Kamfanonin ƙasar Japan ne, kayansu na da kyau, amma jabu ya yi yawa, suna kaɗai ba shaida ba ne. A filinmu na ƙasa da rana, ni na fi son ɗinkakke da wanda aka liƙe, don liƙin ba ya jimre zafi, sai ka ga fata tana ɗagowa.

Ko wanda ya ƙago wasan sai da ya sha wannan wahala. Sunansa William Morgan, malamin motsa jiki ne a garin Holyoke na ƙasar Amurka, a shekarar 1895. Ya nemi wasan da magidanta za su iya yi ba tare da ture-ture ba. Ya gwada ƙwallon kwando, ya ga ya yi nauyi. Ya ciro robar cikinsa ya gwada, ita kuma ta cika rashin nauyi. Daga baya aka ɗinka mishi na musamman. Wasan ya bazu, aka kafa hukumarsa ta duniya a Paris a 1947, ya shiga wasannin Olimpik a Tokyo a 1964.

Ranar da kuka sayi ƙwallo, ku sayi allurar hura iska guda biyu, don ɗaya ba ta daɗewa ba ta ɓace ba. Famfon keke ya isa. A jiƙa allurar kafin a soka ta, in ba haka ba tana ɓata bakin ƙwallon, kuma wannan ɓarnar mai faci ba ya iya gyara ta. Kada a cika iska. In ka danna da manyan yatsu biyu, ya kamata ya ɗan lotsa. Kada a bar shi a rana, kada a zauna a kansa. Doka ta yarda ƙwallo ya taɓa ko'ina a jiki, har ƙafa, amma wannan ba izini ba ne yara su ɗauke shi su je su yi ta harbi a bayan gari.

Raga ba dole a saya ba. Duk garin da ke da mai tufkar igiya da mai saƙar ragar kaya, yana da mai yin ta. Ku ba shi awo kawai. Tsawonta metir 9 da rabi zuwa 10, faɗinta metir 1, kowane ido santimetir 10. Na ba ɗalibaina wannan lissafi a allo: in raga ta yi metir 9 da rabi, ido nawa ke gare ta? Jeri 10, kowane jeri ido 95, ke nan ido 950. Wani dattijo ya riga samari samowa, har yanzu yana yi musu dariya. Igiyar rama ta fi ta kaba laushi, amma kowacce ta samu tana yi. A ɗinka farin ƙyalle a bakin sama don a riƙa ganinsa, a zura igiya mai ƙarfi a ciki wadda za a ɗaure. In an tashi wasa a kwance ragar a kai ɗaki. Wanda ya bar ta ta kwana a waje, awaki za su koya mishi dalili.

Tsayin raga daga ƙasa: metir 2 da santimetir 43 ga maza, metir 2 da santimetir 24 ga mata. A tsakiya ake aunawa, don nan take lanƙwasa. Ku ari awo wajen tela ko magini sau ɗaya, ku yanke kara ko gora daidai tsayin maza, ku yi tsaga a wurin na mata. Shi ke nan kun huta da gardama. Ga yara ƙanana a sauke ta ƙasa yadda za su iya tsallakar da ƙwallo.

Turaku biyu, kowane ya fito metir 2 da santimetir 55 bisa ƙasa, ban da abin da za a bizne. A kafa su rabin metir zuwa metir guda a wajen layi. A fere su sumul, ba reshe, ba ƙusa, kuma kada a ja su da waya, don mai gudu ba ya ganin waya. Gindin a babbake shi ko a shafa baƙin mai saboda gara. Kafin ku sare dogon yaro ko wani icce, ku nemi izinin mai shi da na ma'aikatan gandun daji. Kada wasa ya jawo muku tara.

Fili kuwa tsawonsa metir 18, faɗinsa metir 9, raga ta raba shi biyu. Kowane gefe ana ja layi metir 3 daga tsakiya. A bar sarari na aƙalla metir 3 kewaye da shi, ba kututture, ba turken jaki. Tsawon filin ya bi kudu da arewa, don in ya bi gabas da yamma, ranar la'asar za ta riƙa dukan idon ƙungiya ɗaya. In kuna son ku san ko filinku bai karkace ba, ku ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke can ƙetare, ku sake ja ta ɗaya ɓangaren. Duka biyu su ba ku metir 20 da santimetir 12. Layi da toka ake yi ko farar ƙasa. Kada a jera duwatsu, kada a haƙa rami. Sai shara: ƙarangiya, tsidau, ƙayar aduwa, fasasshen kwalba, duka a tsince. Ƙaya ɗaya tana kashe ƙwallon da gari ya yi wata yana tara kuɗinsa.

Yanzu abin da mai wasa zai sa a jikinsa. A rairayi mai tsabta ana iya yi ba takalmi, dokar wasan ma ta ba alƙali ikon yarda da haka. A fako kuwa sai da takalmin kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ya kama ƙafa. Silifa ba ta yi. Takalmin ƙwallon ƙafa mai haƙora shi ne ya fi muni, don a gindin raga mutum kan yi tsalle ya sauko bisa ƙafar ɗan uwansa. Targaɗen idon sawu shi ne ciwon da ya fi yawa a wannan wasa, kuma daga nan yake fitowa. Gwiwa ma tana son kariya, don sabon shiga ba ya rabuwa da faɗuwa. Akwai matashin gwiwa na kanti. Wanda ba shi da hali, tela na iya ɗinka mishi da tsohon ƙyalle da auduga, ya sa roba sama da ƙasa.

Abin da za a tuɓe ya fi abin da za a sa muhimmanci. Zobe, agogo, awarwaro, dogayen ƴan kunne, wuƙar damtse, duka a ajiye. Zobe na iya maƙalewa a raga ya tafi da fatar yatsa. A yanke farce. Ƴan mata su sa wando a ƙarƙashin zane, su ɗaure kallabi ba da allura ba.

Riguna masu lamba su ne samari suka fi ɗoki, ni kuwa su nake sa wa a ƙarshe. Mutum shida ne a kowane gefe, raga na tsakaninsu, ba mai rikita abokinsa da abokin gaba. In za ku je wasa wani gari, sannan a yi maganarsu. Kafin nan a sayi usur guda, a aje tulun ruwa a inuwa, a samu littafi da alƙalami. Ana cin zagaye ne da maki 25, da ratar biyu aƙalla, kuma in ba a rubuta ba, wallahi sai an yi faɗa. A cikin littafin nan kuma a rubuta wanda ya ba da tiya nawa, abin da aka saya, da sunan wanda kaya ke hannunsa. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, ba wanda ya fi kowa iya tsalle ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan yi bayanin yadda ake tarbar ƙwallo da hannu biyu a haɗe, da yadda ake buɗe yatsu don kada su goce. Mai tambaya ya rubuto da hannunsa, ko da rubutun ya karkace, ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya aiko.